Sassaƙen da Ya Fitar da Ni Daga Dajin Ar'ar

Da sunan Allah nake farawa, shi ya kai mu, shi ya dawo da mu.

Tun da muka sauko daga dutse ban huta da tambaya ba. Matan unguwarmu ta Ammariyya a nan Jidda da ke zama wurina bayan la'asar, kowace ta shigo, kafin ta cire takalmi sai ta ce, Hajiya, wai da gaske akwai daji a ƙasar nan? Wai da gaske kun kwana a waje, ba aikin hajji ba, ba gobara ba? Na faɗa, na maimaita, har bakina ya gaji. Sai kuma na lura labarin ya fara sauya kama a bakin mutane. A layin bayanmu an ce kura ce ta kore mu, a unguwar Hindawiyya an ce askarawa ne suka kama ni. To ga Malam Sani ɗan ƙanena ya zo daga Kano zai kwana biyu tare da mu, hannunsa ya san alƙalami. Ni ban san baƙi ba sai abin sallah. Na ce ya zauna ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana, duk wanda ya sake tambaya a karanta masa.

Dalilin tafiyar jikata ce, Ummi. Takwarata ce, shi ya sa ba a kiran sunanta na yanka a gidan. Ubanta ɗan farina ne, shi ma ba za ku ji sunansa a bakina ba. Unguwa na ce masa Direba, haka ni ma zan ce. Yarinyar ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba, amma ƙirjinta na tsohuwa ne. Idan zafin Jidda ya zo da laimar teku, irin wanda bango ke yin gumi, sai numfashinta ya koma kamar ana busa sarewar kara. Ba ta iya ƙarasa magana ɗaya ba ta tsaya neman iska ba. Sai ta ce, "Sitti," haka 'ya'yan nan ke kiran kaka, sai ta tsaya. "Ruwa," sai ta tsaya. Bana abin ya fi na kullum. Likita ya ba da na sha, ya yi allura, daga baya ya gaya wa ubanta gaskiya: a fitar da ita daga garin nan zuwa wuri mai sanyi, kada a dawo da ita sai zafi ya karye. In ba haka ba, shi ba shi da abin da zai ƙara.

Masu hali Ɗa'ifa suke zuwa su kama gida. Mu ba masu hali ba ne. Amma Direba yana kai siminti ƙauyukan da ke kudu da Ɗa'ifa, ya ce akwai wani ɗan daji a kan dutse, ba babba ba, ba wanda ya san da shi a Jidda, kuma mutanen wurin sukan bar baƙo ya kafa haima, wato tanti, in ya nemi izini. Maigidansa ya ara masa ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, wani maƙwabci mai aikin alhazai ya ara mana haimar Mina. Mu huɗu muka tashi: ni, Direba, matarsa Batula, da Ummi. Batula Bahaushiyar Sudan ce, 'yar Mai Wurno, mace mai saurin hannu da saurin baki. Ta ɗaure rabin gida a bayan motar nan, har da turmin gahawa. Ni kuwa garin dawa na ɗauka, da kuka, da daddawa, da muciya.

Ba zan ɓoye muku ba, har da tawa a zuciya. Ni 'yar ƙauye ce a ƙasar Zazzau, daji yana bayan dangarmu. Ina amarya muka taso gabas a ƙafa da maigida, Allah ya jiƙansa, kuma tun ranar da muka ƙetaro teku daga Sawakin ban sake tsayawa a ƙarƙashin itacen da ba mutum ne ya dasa shi ba.

Muka fita bayan asuba. A shingen hanyar Makka askari ya karɓi iƙama, takardarmu ta zaman ƙasa, ya duba, ya zaga baya ya ɗaga tampol, ya ga haima. Ya tambayi Direba ko mun makara ne, ai alhazai sun daɗe da watsewa. Direba ya yi masa bayani. Ya leƙo ta taga, ya tsaya yana jin numfashin Ummi, sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya miƙo takardu, ya yi mata addu'a, ya ce mu cika ruwa kafin hawa, dutsen nan yana shanye mota.

Muka bi ta gefen Arfa. Ni ban taɓa ganin Arfa ba kowa ba. Filin da na sani fari fat da bayin Allah, ranar nan sai awaki da wani makiyayi yana barci a inuwar dutse. Na yi salati a raina, muka wuce.

Daga nan sai hawa. Muka hau, muka hau, hanya tana naɗe dutse kamar rawani. In na dubi dama bango, in na dubi hagu ba komai sai sarari da tsuntsaye a ƙasa da mu. Can sai kunnuwana suka toshe. Ina ganin bakin Batula yana motsi, muryarta kamar daga rijiya. Na ce shi ke nan, na zo neman wa yarinya lafiya na bar jina a hanya. Direba ya ce in tauna goro in haɗiye yawu. Na tauna, na haɗiye, kunne ya yi ɓas, sai ga muryar Batula ta dawo gaba ɗaya, har na so a ɗan rage.

Kamar yadda askari ya faɗa, mota ta tafasa. Muka tsaya a wani lungu tana huci, sai ga birai sun sauko, manya masu jan gindi, ba tsoro ba kunya. Babbansu ya haye bayan mota, ya zura hannu cikin kayana, ya zaro ƙullin daddawa, ya koma kan dutse ya zauna kamar mai gari. Ya kwance, ya sansana. Sai ya jefar da ita, ya shiga goge hannunsa a jikin dutse. Batula ta ce, "Kin gani ko, Inna? Ashe ba maƙwabtanmu Larabawa kaɗai ba ne." Ummi ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, muka bar dariyar muka koma shafa mata baya. Daddawata kuwa na je na ɗauko abata.

Mun kwana a wani gidan gahawa gaba da Ɗa'ifa, irin na matafiya. Gadajen igiya ne dogaye a jere a waje na maza, mata kuma wani ɗan killataccen wuri a baya. Mai wurin, mutumin Yaman, ya kawo mana abincin mutanen Ɗa'ifa da suke ce wa salig, shinkafa ce da aka dafa da madara da romo har ta narke. A gida marar haƙori ake yi wa irinta, a nan kuwa abincin girmama baƙo ne. Na ci, ba laifi, amma Batula ta zaro yaji daga jakarta a ɓoye ta barbaɗa mana. Ya kuma kawo barguna. Na ce me za a yi da bargo a tsakiyar zafi? Kafin sallar isha'i na aika a ƙaro mini na biyu.

Washegari kwalta ta ƙare, muka shiga turɓaya da duwatsu, muka yi ta tafiya har hanjina ya gaji da girgiza. Wajen azahar muka isa ƙauyen. Gidajen dutse ne a ɗore a kan juna, da wata doguwar hasumiya a tsakiya, gonakinsu kuma kamar matakala a jikin dutse, kowace ba ta fi tsakar gida ba. Sunan garin ba zan faɗa ba, don mai garin ya roƙi Direba kada ya jawo masa mutanen Jidda da rediyoyinsu.

Mai garin nan Arifa suke ce masa, ɗan gajeren tsoho mai jan gemu da wuƙa a ɗamara. Direba ya shiga zaurensa, mu mata muka zauna a mota. An ba shi gahawa, an yi masa doguwar magana. Da ya fito na tambaye shi me aka ce. Ya ce an ba mu izini, an ce itacen girki a tsinci busasshe a ƙasa, kada a sari ɗanye. Iyakar abin da ya gaya mini ke nan. Ban ga laifinsa ba. Yaron nan a Jidda aka haife shi, sassaƙe a ƙulle yake ganinsa a gaban masu magani a kasuwa, bai taɓa tambayar daga ina yake fitowa ba. Ni kuma da na ji an ce sara, gatari na gani a raina.

Dajin ɗan ƙarami ne, mai ƙafa zai zaga shi tsakanin hantsi da azahar. An kewaye shi da fararen duwatsu jefi-jefi. Itacen da ya fi yawa ar'ar suke ce masa, ganyensa siriri, jikinsa a murɗe, ƙanshinsa kamar an buɗe akwatin turare. Na sauko daga mota na dafa guda.

Kafa haima ya so ya gagare mu. Direba yashin Mina ya sani, inda turke ke shiga da duka ɗaya. Nan kuwa ƙasa tafin hannu ce, ƙarƙashinta dutse. Ya buga turke ya lanƙwashe, ya buga wani ya tashi sama, haima ta rufto wa Batula tana ciki tana faɗa da Larabcin Sudan. Ana cikin haka sai muka ji dariya. Wata tsohuwa ce da awakinta, sa'ata ko ta ɗan girme ni, fuska a buɗe, ɗankwali ruwan ɗorawa, da ɗoɗɗoya a maƙale a bayan kunne. Ta ture Direba gefe kamar ɗanta, ta nuna masa ya ɗaura igiyoyin a manyan duwatsu ya bar turaku su huta. Sunanta Hamda, yayar Arifa ce, mijinta ya rasu.

Tun daga ranar ba ta fasa zuwa ba. Takan kawo gurasarsu, ƙatuwa mai kauri da ake gasawa a ƙarƙashin toka, da zuma da man shanu. Larabcinta na dutse ne, nawa na kasuwar Jidda, na Batula na Sudan, sai mu haɗa uku mu cika da hannu. Ta sa yatsa ta bi tsagar da ke kumatuna tana tambayar wa ya yi mini. Na ce wanzamin garinmu, da yardar uwata. Na nuna shuɗin zanen da ke haɓarta, ta ce ita ma uwarta. Muka yi ta dariya, tsofaffi biyu da aka yi wa alama don kada su ɓace. Ta kai ni na ga zumarsu. Mu amya muke ɗaurawa a kan itace, su kututture suke rarakewa su jera a cikin bango. Matansu suna noma kamar matan ƙauyenmu, kuma ba wanda ke ganin abin mamaki ne.

Kullum bayan la'asar gajimare yakan taso daga kwari, ya ratso itatuwa, ya shigo har cikin haima ya jiƙa mana gira. Ummi ta riƙa binsa da kwano wai za ta ɗebo. A hankali, a hankali, sarewar da ke ƙirjinta ta fara yin ƙasa. Ta fara cin gurasar Hamda da gaske. Ta fara haɗa kalma uku, huɗu, ba ta tsaya ba. Ubanta yakan zauna ya zuba mata ido.

To nan tunani ya zo mini. Na ce zafi zai karye mu koma Jidda, baɗi kuma zafi zai dawo. Dutse ba ya ɗaukuwa. Amma abin da ke buɗe ƙirjin yarinyar nan, ina ji a jikina, ƙanshin itacen nan ne. A garinmu in itace ya yi wa mutum amfani, sassaƙensa ake ɗebowa a shanya, a riƙa dafawa ana surace. Daji na Allah ne, ba a tambayar kowa, itacen kawai ake yi wa ladabi.

Da hantsi na ɗauki wuƙata na zaɓi wani babba mai lafiya. Na yi masa sallama yadda uwata ta koya mini, na yi bisimilla. Na ɗebi ɓawo ta gabas, na zaga na ɗebi ta yamma, ban bari yankan ya haɗu ba don kada ya mutu. Na kwaɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa na shafe masa raunin. Na dawo da abina cikin zane, raina fari, na baza a tabarma a bakin haima.

Da azahar Hamda ta zo da gurasa. Ta ga tabarmar. Ta tsaya. Ta ajiye gurasar a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora hannu biyu a ka. Ta yi magana da sauri, Batula na cewa ta maimaita. Da Batula ta juyo gare ni, bakin nan nata mai sauri ya yi nauyi. Ta ce dajin nan hima ne, wato wurin da kakanninsu suka yi rantsuwa a kansa cewa ƙarfe ba zai taɓa ɗanyen itace ba, ko reshe, ko ɓawo. Kuma wanda ya gani ya yi shiru, hukuncinsu ɗaya da wanda ya yi. Hamda ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta juya ta nufi gari wurin ƙanenta.

Bayan la'asar maza suka zo, suka zauna a gaban haima, Arifa a tsakiya. Mu mata muna ciki, Hamda da wasu matan gari suna tsaye can gefe. Arifa bai ɗaga murya ba. Ya ce itatuwan nan su ke tatsar gajimare su shayar da rijiyoyinsu. Ya ce mutanen kwarin da ke bayansu sun sare nasu, yau a jaki suke zuwa roƙon ruwa. Hukuncin abu uku ne tun kakanni: a karɓe ƙarfen da ya yi yankan, a yanka rago a ciyar da gari, sannan wanda ya yi da haimar gidansa ba za su sake kwana a cikin fararen duwatsu ba. Ya tambayi wa ya yi.

Sai na ji Direba ya ce shi ne.

A tarbiyyarmu tsohuwa ba ta tsoma baki a zaman maza, kuma uwa ba ta ƙaryata ɗan farinta a gaban mutane. Amma ba zan zauna a bayan ƙyalle ɗana yana ƙarya a kan rantsuwar mutane saboda ni ba. Na ja mayafi na fito bakin haima. Na ce da Batula ta faɗa musu yadda na faɗa, kada ta rage.

Na ce, "Ni ce. Yaron nan bai san gabashin itace da yammacinsa ba. Ni na yanka, da wuƙata, don ƙirjin jikata. A ƙasarmu haka ake yi, ban san taku ba."

Arifa ya tashi da mutum biyu suka je suka duba itacen, suka dawo. Ya ce ya ga raunin, ya ga ƙasar da aka shafa, ya yarda ba ɓarna aka nufa ba. Amma bara ɗan ƙanensa ya sari azara guda don ɗakin aurensa, kuma shi da bakinsa ya yanke masa hukunci. In ya yafe wa baƙuwa yau, da wane ido zai dubi yaron gobe? Na ce to a sa ni a duk motar da za ta sauka, in koma Jidda ni kaɗai, a bar yarinya da iyayenta. Ya girgiza kai, ya ce rantsuwar ta haɗa da haima, ba shi ya tsara ta ba.

Na ga Direba ya ɗaga kai yana duban igiyoyin haima, na san lissafin kwancewa yake yi, da hanyar saukowa, da Jidda da bangonta mai gumi. Ummi ta fahimci Larabcin fiye da ni. Ta fara kuka a bayan uwarta, kuma da kukan sai ga sarewar nan ta dawo, kowa yana ji. Ban taɓa jin nauyin hannuna irin na ranar ba.

Sai Hamda ta yi magana daga inda mata suke. Ba ta matso ba, muryarta ce ta matso. Ta kira Arifa da sunansa na yarinta, ta tambaye shi ina hima ta ƙare. Ya ce a fararen duwatsu, ai ta sani. Ta ce bayan fararen duwatsu ta gabas, gonar wa ce? Ba ta jira amsarsa ba. Ta ce gonar da mijinta ya bar mata ce, bana ba ta shuka ta ba.

Ta ce, "Itacen na gari ne, na kawo ƙara kamar yadda aka rantse. Gonar tawa ce, zan sauki wanda na ga dama. A karɓi wuƙa, a ci rago, a fitar da haima. Yarinyar nan ba za ta sauka ba."

Wani mai ƙaton rawani ya ce wannan ai dabara ce, tsakanin gonar da dajin ko jifa ba a yi. Hamda ta ce masa ita ta goya shi yana zubar da majina, in yana da sabuwar rantsuwa da kakanni suka manta ya kawo ta a ji. Maza suka sunkuyar da kai suna dariya cikin gemu. Arifa ya daɗe yana jan gemunsa, sannan ya ce rantsuwa ba ta ambaci gonar kowa ba. Ya miƙo hannu, na ba shi wuƙata.

Mutanen da suka zo yanke mana hukunci su suka kama igiyoyi. Ba a ma naɗe haimar ba, ɗaukarta suka yi a tsaye kamar rumfa, suka tsallake fararen duwatsu da ita, suka dire ta a gonar Hamda kafin magariba. Sassaƙen kuwa Hamda ta tattara ta mayar gindin itacen ta binne.

Washegari aka yanka rago. Na ce tunda ni aka ci tara, abincin garinmu za a ci. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da daddawar da biri ya raina. Batula ta yanka nama siri-siri ta shafe da ƙuli da yaji ta gasa. Naman bai daɗe ba. Miyar ce ta ba su aiki. Mutum ya gutsuri tuwo ya tsoma, ya ɗaga, miya ta biyo shi, ya ƙara ɗagawa, ta ƙara biyo shi, ya rasa inda zai yanke ta. Arifa ya ci loma uku saboda ladabi, ya ce a gaya wa tsohuwa tararta ta biya, har ta rama. Hamda kaɗai ta nemi ƙari, kuma daga baya na bar mata sauran kukar.

Direba ya koma bakin aikinsa ya bar mu a hannun Hamda. Muka zauna a gonar nan har zafi ya karye ya zo ya ɗauke mu. Ranar tafiya Hamda ta kawo mini buhu guda na busasshen ganyen ar'ar da 'ya'yansa, waɗanda ta tsinta a ƙasa, ta ce abin da itace ya zubar da kansa na kowa ne. Ta ce gonar tana nan baɗi, in Allah ya kai mu. Ummi kuwa ga ta can tana tsalle a tsakar gida. Abin da zafi mai zuwa zai kawo, Allah ne masani.

Amma duk zaman da muka yi a gonar nan, ni ban sake shiga dajin ba, ko sau ɗaya. Hukunci a kaina yake, ba a kan yarinya ba, don haka kullum da safe Ummi takan bi Hamda da awaki su shige cikin itatuwa, ni kuma in zauna a kan farin dutsen da ke bakin gona da carbina, ƙanshin yana zuwar mini.

Wata rana suka daɗe. Gajimare ya taso da wuri, ya rufe itatuwa, ya rufe hanya, har ƙafata ba na gani sosai. Batula ta tafi rijiya. Ba motsin akuya, ba muryar Hamda. Zuciyata ta shiga kawo mini abubuwa: ko ƙirjin ya tashi a can ciki, ko ta faɗi tana neman iska ba mai shafa mata baya. Na miƙe. Na ɗora ƙafa ɗaya a kan dutsen. Na tuna mutanen da suka ci ragona, da matar da ta tsaya mini a gaban ƙanenta, na san in na tsallaka ita zan kunyata, kuma wannan karon ba gonar da za ta karɓe mu. Na janye ƙafata na zauna, ina jan carbi ban san abin da nake faɗa ba.

Can sai na ji kira daga nesa, daga tsakiyar dajin, irin dogon kiran da Hamda ke yi wa awaki. Amma muryar ƙarama ce. Kiran ya yi tsawo, ya yi tsawo, bai yanke ba. Sannan ta ɗora da Hausarta mai gauraye da Larabci:

"Ya Sitti, kina nan a kan dutsenki ko gajimare ya ɗauke ki, ga mu nan zuwa, baƙar akuya ta haihu, Hamda ta ce ni zan ɗauko ɗan, kada ki cinye mini gurasata!"

Duk wannan da numfashi ɗaya.

Na buɗe baki zan amsa, sai na rufe. Na zauna shiru a kan farin dutsen nan, hawaye na bin tsagar kumatuna, don ina so ta sake kira.

Ta sake kira.